Jirage Ɗari Biyu da Sha Biyu na Fokko Tammenga

Yayana Fokko bai taɓa yarda da lambar da wani ya faɗa masa ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana aikin duba sikeli da famfunan mai a lardin Groningen, yana yawo a ƙaramar motar ofis da akwatin duwatsun awo a baya. Mai sayar da cuku zai ce masa kilo ɗaya ne cif, ya ce to, ya ɗora nasa dutsen. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin ya kira wani maƙaryaci ba. Sai dai ya karanta abin da ya gani, ya manna jar takarda ko koriya, ya shanye kofin da aka ba shi, ya kama gabansa. A kasuwar garinmu Delfzijl akwai masu gaishe shi da fara'a, akwai kuma waɗanda da sun hango shi sai su tuna suna da aiki a bayan rumfa.

Ni ce ƙanwarsa, Hilje, shekara uku ya ba ni. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa nake maganarsa haka. Na san shi ciki da bai, kuma akwai ranakun da nake ji kamar in tura shi cikin ruwan tashar jirage, shi da akwatin nasa.

Sau ɗaya tak aka taɓa tafa wa Fokko a duniya. A makaranta ba ya cikin na gaba. Ƙwallo kuwa, kafin ya yanke shawarar ƙafar da zai sa, ta wuce shi. Amma cikin sanyin shekarar 1989, yana da shekara sha huɗu, ya shigar da jirage ɗari biyu da sha biyu a wasan Mai Gadin Fitila. Wasa ne marar wahalar ganewa: kana kan hasumiya a bakin teku, jirage suna ɓullowa daga duhu, kana juya musu haske da sandar wasa don su shiga tasha ba tare da sun daki dutse ba. Jirgi uku suka nutse, an gama da kai. Kuma kullum ƙara sauri suke yi. Gwanayen unguwarmu a wajen ɗari da talatin suke zubewa.

Kwamfutar irin ta lokacin ce, wadda ake jona wa talabijin. Baba ne ya sayo ta hannu a wani zuwansa hutu, don shi ma'aikacin rediyo ne a jirgin daƙon kaya, wata huɗu a ruwa, wata ɗaya a gida. Inna ta hana mu talabijin ɗin falo, saboda haka a ɗakin sama muke wasa, a kan tsohuwar talabijin ɗin Kaka marar launi. Ranar da abin ya faru, Eppo abokin Fokko yana wurin, ni ma ina wurin. Aka ɗauki hoton lambar, aka aika wa wata mujallar kwamfuta, suka buga sunansa da ƙananan baƙaƙe a shafin ƙarshe. Inna ta yanke wurin ta sa a firam, har yau yana rataye kusa da agogon kicin.

Yanzu duk mun tsufa, amma wasan bai bar mu ba. Kowace Asabar da ƙarfe biyu na rana mutum ashirin da 'yan kai suna haɗuwa a ɗakin taron da ke bayan laburare, kowa da kwamfutarsa a jakar keke, a sha kofi, a ba kowa biskit ɗaya, a rufe gwangwanin. Eppo ne shugaba, ni ce mai mabuɗi. A bango akwai allo mai layi ashirin na waɗanda suka fi shigar da jirage, kuma tun ranar da aka kafa shi sunan Fokko ne a sama. Eppo ne na biyu da ɗari da arba'in.

Tsofaffin na'urorin nan kusan duk sun mutu, saboda haka da manhajar kwaikwayo ake wasa, wato manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta riƙa aiki kamar tsohuwa. To a nan Fokko ya samu wurin kafa sikelinsa. Tun ranar da ya fara taɓa irin wannan manhaja ya ajiye sanda, ya ce tana gudu fiye da ƙima. Aka nuna masa lambar da ke kusurwa, wadda ke cewa hoto hamsin ake nunawa a kowace daƙiƙa, kamar yadda talabijin ɗinmu na nan suke yi.

Ya ce, "Wannan ra'ayinta ne game da kanta."

Sai ya haɗa nasa ma'auni. Wani ɗan ido ne na lantarki da yake mannawa a fuskar kwamfuta da salatif, da waya zuwa wani akwati mai ƙirga. Ya sa manhajar ta riƙa ƙyafta wani ɗan murabba'i, fari, baƙi, fari, baƙi, duk sabon hoto canji ɗaya. Idon yana gani, akwatin yana ƙirgawa, awa guda cur, da agogon da ke karɓar lokaci ta rediyo. Takardun waɗanda suka ƙera na'urar ta asali sun nuna ba hamsin cif take yi ba, ta ɗan haura kaɗan, ta yadda a awa guda ya kamata a samu hoto 180,432. Fokko ya yi wa mutane rangwamen ɗari biyu sama ko ƙasa. Wanda ya wuce haka, ko jirage dubu ya shigar, ba za su hau allo ba. Dalilinsa kuwa ba a ja da shi: idan wasa ya yi nawa, ka samu ƙarin lokacin tunani da sauran mutane ba su samu ba.

Ƙungiya ta amince da dokar don kowa ya zaci kan wani za ta faɗa. Cikin shekara goma sha ɗaya ya sauke Eppo sau uku, ya sauke likitan haƙorinmu, ya sauke mijina Tjark a satin da muka cika shekara ashirin da aure. Duk awan nan da ake awo yana zaune gaban akwati, hannu a kan gwiwa, ba ya magana, ba ya zuwa bayi. Shi kansa kuma bai sake yin wasa a gaban kowa ba. Ko manhajar da ya auna da hannunsa ya manna mata koriyar takarda, idan aka miƙa masa sanda sai ya ce alƙali ba ya shiga fili.

Sai ga Marrit Bolhuis. Matar nan direbar ƙugiyar ɗaga kaya ce a tashar jirage, shekararta talatin da shida, kuma ba a haife ta ba ma lokacin da wasan ya fito. Wuni take yi tana sauke kwantena a kan wurin da bai fi tabarma ba, iska na kaɗa ta, saboda haka juya fitila a wurinta hutu ne. Wata bakwai da shigowarta, wata Asabar cikin Oktoba, ta shigar da jirage ɗari biyu da sha biyar a gaban kowa. Ɗakin ya ɗauki ihu, Eppo har ya sake buɗe gwangwanin biskit.

Fokko ya miƙa mata hannu, ya ce ta yi ƙoƙari. Sannan ya ce ta bar masa kwamfutar zuwa Asabar mai zuwa.

Ta ce, "Ɗauka, Malam Tammenga. Sai dai kada ka leƙa hotunan karena, bai yi wanka ba."

Washegari Lahadi muna cin abinci a gidan Inna kamar kullum, miyar mustad da burodi. Na lura yana cin abinci da daɗin rai, abin da ba halinsa ba ne. Na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa.

Ya ce, "Dubu ɗari da tamanin cif. Manhajarta ta bi saurin fuskar kwamfutarta ne, ba na na'urar asali ba. Ta gaza da ɗari huɗu da talatin da biyu."

"To sai me?"

"Sai ta sauka."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Matar nan ko sanin akwai wannan abin ba ta yi ba."

"Ban ce ta sani ba. Mai cuku ma yawanci bai sani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba saukewar ce ta fi ƙona min rai ba, yadda ya sake ɗiban miya ne. Na ajiye cokali na ce, "To kai naka ɗari biyu da sha biyun, wa ya auna?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya auna dutsen kilo. Ya ce, "Ni a kan na'urar asali na yi. Ita ake kwaikwaya, ba ita ke kwaikwayo ba."

Inna, wadda shekararta tamanin da ɗaya kuma kunnenta yana zaɓen abin da zai ji, ta ce idan wancan akwatin muke nufi, yana nan a saman rufi bayan kayan Kirsimeti, kuma za ta ji daɗi wani ya raba ta da shi. Ban tsaya gama miyata ba. Na hau tsani, na kwaso ƙura da yanar gizo a gashi, na sauko da na'urar a cikin jakar leda, na dire masa kusa da kwanonsa. Gaskiya ba na zaton komai a lokacin. So nake kawai in sa shi zaman awa guda a banza.

Ranar Laraba da yamma, bayan ya tashi aiki, ya kira ni ya ce in zo, yana buƙatar shaida. Na same shi a ɗakin aikinsa ya riga ya canja mata wasu 'yan kayan wuta da suka kumbura, ya jona ta da wata talabijin mai launi da ya aro. Ta kama. Amma hoton ya fito fari da baƙi, ba ɗigon launi ko ɗaya.

Na ce, "Talabijin ɗin ce ta lalace?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau." Ya manna idon.

Muka zauna awa guda. Ban taɓa zama cikakken awon nan ba sai ranar, kuma ba na yi wa maƙiyina fatan sa. Da agogo ya cika ya danna, ya karanta lambar a hankali: 176,040. Ya rubuta. Ya duba wayoyi, ya goge idon da ƙyalle, ya ce a sake. Muka sake wata awa, na sha kofi uku. Lambar ta dawo da bambancin biyu kawai.

Ni ban iya lissafi irin nasa ba, amma wannan na gane shi. Marrit ta gaza da ɗari huɗu da 'yan kai, shi ya gaza da fiye da dubu huɗu. Na yi saurin cewa ai tsufa ne, shekara talatin da wani abu a saman rufi, ko mutum ne sai ya yi nawa. Ya ce mai yiwuwa, ya ɗauko sukudireba.

A cikin kowace irin na'urar nan akwai wani ɗan dutse a rufe cikin gwangwanin ƙarfe, bai fi ƙwayar wake ba, shi ne yake buga mata lokaci. Fokko ya nuna min shi da bakin sukudireba. Ko ni na ga ba nata ba ne, don dalmar da aka liƙa shi da ita ta fi sauran kauri. A gefensa akwai wata 'yar farar takarda da aka manna, ta koma ruwan ƙasa. Ma'aikatan rediyon jirgi haka suke yi, duk abin da suka gyara sai sun bar takarda da kwanan wata da abin da suka sa, don wanda zai karɓe su ya sani. Rubutun Baba ne, irin mai jingina hagu ɗin nan. Ya rubuta Maris 1988, ya rubuta lambar dutsen da ya cire da ta wanda ya sa, sannan a ƙasa: "Ya ɗan gaza. Zai yi."

Sai na tuna. An yi wani sati da na'urar ta ƙi kamawa, Fokko ya yi ta zaman makoki a kan matakala, Baba kuma saura kwana biyu ya koma ruwa. Bai kai ta wurin mai gyara ba, don a gidanmu ba a kai abu wurin mai gyara. Ya buɗe gwangwanin tarkacensa na jirgi, ya zaɓi dutsen da ya fi kusa, ya liƙa, ta tashi. Fokko ya ce irin wannan dutsen yana kashe launi, da a talabijin ɗin falo muke da tun ranar an gane. Mu kuwa a kan ta Kaka muke.

Baba ya rasu shekara tara da suka wuce, babu wanda za a tambaya, kuma babu ma abin tambaya. Fokko ya daɗe yana kallon takardar. Ni kuwa kunya da nadama suka rufe ni, na ji da ma ƙafata ta karye a kan tsanin nan.

Na ce, "Yaya, ni ban ga komai ba. Mayar da murfin. Ka bar Marrit ta hau, kai ka koma na biyu, shi ke nan, kowa ya huta."

Ya ce, "Kin gani mana. Shi ya sa na kira ki." Ya turo min littafin awonsa da biro, ya nuna min inda zan sa hannu.

Ranar Asabar ɗakin ya cika, har da waɗanda suka daina zuwa. Marrit ta zo da kek. Fokko ya miƙe da littafinsa, ya karanta sakamakonta da muryar da yake karanta na famfon mai: dubu ɗari da tamanin, ta gaza da ɗari huɗu da talatin da biyu, ba za ta hau allo ba.

Wurin ya kaure da surutu. Eppo ya buga tebur ya ce, "Haba, Alƙali! Wallahi mun san za a yi haka. Shekara talatin da huɗu kana zaune a saman nan kamar kaza a kan ƙwai, wa ya isa ya taɓa ka?"

Marrit ta fara mayar da murfin kek ɗinta.

Fokko ya jira suka gaji, ya juya shafi. Ya ce akwai awo na biyu. Na'urar asali, mallakar F. Tammenga, wadda aka shigar da jirage ɗari biyu da sha biyu a kanta: 176,040, ta gaza da dubu huɗu da ɗari uku da casa'in da biyu, dalili kuwa an canja mata dutse tun kafin ranar. Shaida, H. Tammenga. Ya rufe littafi, ya je bango, ya goge layin farko da gefen hannun rigarsa. Tawadar ta daɗe, ba ta fita da sauƙi ba, sai da na miƙa masa jiƙaƙƙen tsumma.

Can Eppo ya ce, "To yanzu wa ke na ɗaya?"

"Kai."

"Ni? Da ɗari da arba'in? Don Allah ka rufa min asiri, mutumina. Mayar da sunanka, babu wanda ya ji komai."

"An riga an rubuta."

Marrit ta dube shi ta ce, "Malam Tammenga, wa ya tilasta maka auna taka?"

Ya ce, "Ƙanwata." Duk suka juyo suna kallona, na rasa inda zan sa fuskata.

Ina zaton an gama ke nan, sai ya ja kujera ya zauna gaban kwamfutar Eppo, wadda shi da kansa ya manna wa koriyar takarda a bazara. Ya ce tunda ba shi da lamba a allo, yana da haƙƙin gwadawa kamar kowa. Ya cire agogon hannunsa ya ajiye, ya riƙe sanda. Mutum ashirin da shida suka tsaya a bayansa, babu mai tari.

Ba zan ƙawata ba, abin bai yi kyawun gani ba. Hannunsa ya san hanya sarai, ya san inda kowane jirgi zai ɓullo, amma kullum sai ya iso a makare da ƙiris. Na farko ya nutse a talatin da ɗaya, na biyu a arba'in da tara. Wuyansa ya yi ja, gumi ya jiƙa masa kwalar riga. A hamsin da takwas na uku ya daki dutse. Gurbin da ya buɗe a ƙarshen allon, na ashirin, tuni ya zama na mijina Tjark, wanda ke jira da sittin da uku.

Eppo ya ɗauki alƙalamin allo yana cewa ai ana iya ƙara layi, wa ya ce dole ashirin. Fokko ya ce doka ta ce ashirin. Ya ɗaura agogonsa, ya tambayi Marrit ƙarfe nawa take sauka daga ƙugiya ranar Talata, zai zo ya daidaita mata manhajar ta sake gwadawa, don a ganinsa ko da saurin gaskiya za ta haura ɗari biyu. Ta ce ƙarfe huɗu. Sannan ta yanka masa kek, yanka mai kauri, ya ci a tsaye.

Na kulle ɗakin, muka fito tare. Iska ta yi ƙarfi a kan hanyar bakin ruwa, sai muka sauka muna tura kekunanmu. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri, kalmomin suna ƙin haɗuwa, don a gidanmu wannan ma ba mu iya ba. Tausayinsa ya cika min ciki har ina jin haushin kaina da haushinsa gaba ɗaya. Mun kusa kwanar gidansa ya tsaya, yana gyara jakar akwatin awonsa a bayan keke.

Ya ce, "Hilje, kin ga yadda jiragen suke zuwa da gudu?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Ashe haka kowa yake ganinsu tun farko."